Yadda Za Ka Zaɓi Bakin Tekun da Za Ka Je a Tsibirin Kirit na Girka

Tun da na dawo daga Kirit, tambaya guda ake ta maimaita mini: a cikin wuraren nan da muke gani a hoto, wanne za mu je? Wani ma sai ya turo hoton bakin tekun Balos ko na Elafonisi ya ce kwatance kawai yake so. Amsar da nake bayarwa ita ce, abu uku ke zaɓa wa mutum bakin teku a Girka: iska, hanya, da mutanen da yake tafe da su. Hoto shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da hoto yakan ƙare da tuƙin awa biyu ya tarar da jar tutar hana shiga ruwa, ga yara na kuka, ga rana ta take.

Na ɗauki Kirit ne don ita ce mafi girma a tsibiran Girka, tsawonta daga yamma zuwa gabas kusan kilomita 260, kuma idan iska ta ɓata gefe ɗaya akwai wani gefen da za ka koma. Matakan nan za su yi maka aiki a tsibiran Rodos ko Naksos ma.

1. Fara da wata

Idan kana da zaɓi, ka ɗauki Yuni ko Satumba. A Satumba ruwa ya gama ɗumi, cunkoso ya ragu, farashin masauki ya fara sauka. A Mayu gari na da daɗi amma ruwan bai wuce digiri 20 ba, kuma ga jikin da ya saba da zafi wannan sanyi ne na gaske. A Agusta ruwan kan kai digiri 25 zuwa 26, sai dai a lokacin ne komai ya fi tsada, iska ta fi ƙarfi, mutane kuma kamar ranar kasuwa. Makon 15 ga Agusta ya fi kowanne, domin babban biki ne na coci, Girkawa da kansu suna hutu. Daga tsakiyar Oktoba jiragen yawo da motocin bakin teku sukan fara ɗauke ƙafa.

*Gargaɗi:* mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana sai da bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, ban da ladan ofishin karɓar takardu, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Kada ka biya masaukin da ba a mayar da kuɗi kafin biza ta fito.

2. Zaɓi gefen da za ka sauka

Wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗi. Mutum ya kama ɗaki a Irakliyo, babban birnin tsibirin, saboda nan jirgi ya sauke shi, sai daga baya ya gane duk wuraren da yake so suna can yamma. Tsakiyar Kirit duwatsu ne, mafi tsawonsu Psiloritis ya kai mita 2,456, don haka hanyar da ta tashi daga arewa zuwa kudu kwana-kwana ce. Kilomita 75 a can na iya cin awa ɗaya da rabi ko fiye.

Idan ranka na kan Balos, Falasarna da Elafonisi, ka sauka a Haniya ko Kisamos. A taswira za ka ga an rubuta Chania da Kissamos. Idan Preveli da Plakiyas kake so, Retimno ce gidanka. Matala ta fi kusa da Irakliyo. Vai da ke can ƙuryar gabas, inda dajin dabinon Kirit ya gangaro har bakin ruwa, ta mutanen da suka sauka a Sitiya ko Ayos Nikolawos ce. Daga Haniya tafiyar ta fi awa huɗu, ba ta yini guda ba ce.

Ga mai kwana bakwai, shawarata ya tsaya gefe ɗaya, kuma ni yamma nake zaɓa. A can, cikin tuƙin da bai kai awa biyu ba, kana da gaɓar da ke kallon arewa, da mai kallon yamma, da mai kallon kudu. Amfanin wannan zai fito a mataki na huɗu.

3. Dubi waɗanda kake tafe da su

Kafin ka buɗe taswira, ka amsa wa kanka tambaya uku da gaskiya. Wa ya iya iyo a cikinku? Wa zai iya gangaren minti ashirin, ya kuma hawo da rana tsaka? Me za ku iya zama a kusa da shi ba tare da kunya ta hana ku sakewa ba?

Maganar iyo ita ce babba. Da yawanmu mun tashi nesa da teku, kuma wanda ya iya ninƙaya a kududdufi ko wurin wankan otal bai san jan teku ba. Idan akwai yara ko wanda bai iya ruwa ba, ka nemi inda ruwa ke shiga a hankali, ƙasa rairayi, kuma akwai mai ceto a kan hasumiyarsa. Elafonisi haka take: za ka yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwa ba. Marati da Stavros, a yankin Akrotiri kusa da filin jirgin Haniya, ƙananan lunguna ne da ƙasa ta rungume, ruwansu a kwance. Gaɓar kudu irin su Suya da Gilika Nera kuwa tsakuwa ce, taku uku ko huɗu sai ka ji ƙasa ta ɓace maka.

Tsofaffi da masu ciwon gwiwa, a cire musu Seitan Limaniya gaba ɗaya. Wurin yana da kyau ƙwarai, tsaga ce a cikin dutse da ruwa ya shiga, amma gangarensa sai da hannu da ƙafa, filinsa kuma ƙarami.

Sai batun sutura. A gaɓar cikin gari da inda iyalai ke zuwa, kayan wanka irin na Turawa za ka gani. Amma a wuraren da ke nesa da hanya, musamman ƙarshen gaɓa ta bayan duwatsu, akwai masu zama ba komai a jikinsu. An san Jan Rairayi da ke bayan Matala da haka, da wani ɓangare na Komos, da Gilika Nera. Idan kana tare da iyali, ka tsaya kusa da inda ake hayar lema, kada ka ce bari mu ƙarasa can ƙarshe inda ba kowa. Mace kuma za ta iya shiga ruwa da kayan wanka masu rufe jiki, ba mai hana ta.

*Gargaɗi:* kada a shiga ruwa da atamfa, abaya ko doguwar rigar auduga. Suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa. A sayi kayan da aka ɗinka don iyo tun daga gida, domin samunsu a ƙauyukan Kirit da wuya.

4. Kowace safiya, tambayi iska

Nan ne zan daɗe, don wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki.

A bazara akwai iskar da Girkawa ke kira meltemi. Daga arewa take busowa, wani lokaci arewa maso yamma, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma takan yi kwana biyu, uku ko fiye ba ta tsaya ba. Sama tas, ba ko ɗigon girgije, rana na haske, amma teku na tafasa. Wannan ne ke ruɗin baƙo: yana leƙawa ta taga ya ga gari garau, sai ya ɗauka ruwa ma haka yake.

Girkawa da ma'aunin bofor suke auna iska, kuma kowa ya san shi, daga mai otal har direban tasi. Ka buɗe manhajar Windy ko shafin meteo.gr, ka dubi abu biyu: daga ina iskar take, kuma bofor nawa. Daga ɗaya zuwa uku, je inda ranka ke so. Huɗu, ka fara lura. Biyar ko shida zuwa sama, to ranar iska ce ke da iko.

Dokar mai sauƙi ce: ka guji gaɓar da ke fuskantar inda iska ke fitowa. Idan daga arewa ce, doguwar gaɓar da ta tashi daga Yoryupoli zuwa Retimno, da ta Plataniyas da Maliya, duk igiyar ruwa za ta yi ta dukansu. Idan ta karkata yamma, Falasarna ta tashi daga lissafi. Wurin faɗi ne da rairayi mai laushi, faɗuwar ranarsa abin kallo, amma a buɗe yake, ba abin da ya tare shi. A irin ranar sai ka nufi lungu mai kariya kamar Marati, ko ka tsallaka duwatsu zuwa kudu.

Wata safiya a Kavros, a gaɓar arewa kusa da Yoryupoli, na ga abin da ya sa nake nanata wannan. Jar tuta na kaɗawa, mai ceto, wani saurayi da rana ta ƙona wa kafaɗu, yana sintiri da usur a baki. Ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa saboda rairayin da yake kwasowa. Wani magidanci ya shiga iya ƙugu don a ɗauke shi hoto, igiya ɗaya ta zo ta kwashe ƙafafunsa, da ƙyar ya rarrafo yana tari, tabaransa ya tafi. Muka koma mota, muka yi tuƙin da bai kai awa ɗaya ba zuwa Marati. A can ruwa shiru kamar a faranti, yara na kama ƙananan kifaye da bokiti. Rana ɗaya, tsibiri ɗaya.

Kudu ma tana da nata halin. Idan meltemi ta tsallako duwatsu, takan sauko da ƙarfi ta cikin kwazazzabai. Ba ta tayar da igiya a bakin gaɓa, amma tana watsa rairayi a ido da abinci, a Plakiyas da Elafonisi musamman. Abin da ya fi haɗari shi ne, tana turawa ne daga tudu zuwa cikin teku.

*Gargaɗi:* a ranar iska a gaɓar kudu, kada a ɗora yaro a kan katifar roba ko tayar iyo da ake hurawa. Ruwan zai yi kamar lafiya lau, amma cikin 'yan mintuna iska za ta yi nisa da shi, kuma ba mai iyon da zai cim masa.

Saboda haka kada ka rubuta jadawali ka ce Litinin nan, Talata can. Ka rubuta wurare biyar ko shida, a gaban kowanne ka sa inda yake fuskanta. Ranar da ta fi kwanciya ka ba Balos ko Falasarna. Wuraren lungu ka ajiye su don ranar da iska ta tashi. In ka rasa gane taswirar, tambayi mai masaukinku, ba za ka rasa amsa ba.

5. Bincika yadda ake isa

Hoto ba ya nuna hanya. Ga yadda manyan wuraren suke.

Balos hanya biyu gare ta. Ta farko jirgin ruwa daga tashar Kisamos, wanda ke tashi da hantsi ya dawo da yamma, yakan kuma tsaya a tsibirin Gramvusa inda akwai ganuwar da mutanen Benis suka gina a ƙarni na 16. Wannan ce hanyar masu yara da tsofaffi. Illarta ita ce tare da ɗaruruwan mutane za ka sauka, kuma agogon jirgi za ka bi. Ta biyu mota: daga ƙauyen Kaliviyani hanyar burji ce mai duwatsu ta kusan kilomita 8, gefe guda dutse, gefe guda gangare zuwa teku. Daga inda ake ajiye mota, inda awaki ke zagaye mutane suna leƙa jaka, sai tafiyar ƙafa ta minti ashirin zuwa talatin. Saukar ba wuya, kuma daga saman ne ake ganin abin da ke cikin hotunan nan, farin rairayi da ruwa launi uku. Hawowa da ƙarfe biyu na rana ita ce jarrabawar.

*Gargaɗi:* yawancin kamfanonin hayar mota sun rubuta a takardarsu cewa inshora ba ta aiki a hanyar da ba kwalta. Idan taya ta fashe ko ƙasan mota ya daki dutse a hanyar Balos, daga aljihunka za ka biya. Ka tambaya kafin ka sa hannu, in sun ce a'a, ka bi jirgi.

Elafonisi kwalta ce har ƙarshe, ta kwazazzabon Topoliya, inda akwai ƙaramin ramin dutse da mota ɗaya ke wucewa a lokaci guda. Daga wurin ajiye mota akwai 'yar tafiya. Bari in faɗa maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: rairayin nan mai launin hoda da ake yayatawa ba duk gaɓar ba ne. Siririn layi ne a inda ruwa ke taɓa ƙasa, garin ɓawon ƙananan halittun teku ne, wata rana ya fito sosai, wata rana sai ka sunkuya kafin ka gan shi. Wurin yana ƙarƙashin kariya, an hana ɗibar rairayin ko da cikin kwalba ne. Ka tsallaka ruwan zuwa ɗan tsibirin da ke gaba, can ya fi shiru.

Preveli tana kudu da Retimno, inda kogi ya ratso dajin dabino ya faɗa teku. Gobara ta cinye dajin a 2010, amma dabinon ya sake tohowa. Daga wurin ajiye mota na yamma matattakala ce mai yawa. Wanda ba zai iya ba ya hau ƙaramin jirgi daga Plakiyas ko Aya Galini. Ruwan kogin yana da sanyi, kuma zama a inuwar dabinon ya fi mini wankan tekun daɗi.

Lutro kuwa, ƙaramin ƙauye a gaɓar kudu, ba hanyar mota sam, sai jirgi daga Hora Sfakiyon. Ka san lokacin jirgin ƙarshe kafin ka sauka.

Game da tuƙi: hannun dama ake bi kamar gida. Ka zo da lasin ƙasa da ƙasa tare da na ƙasarku. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya nema da wuri. Wanda ba ya son tuƙi, motocin bas na haya da ake kira KTEL na zuwa Elafonisi da Falasarna daga Haniya a lokacin bazara, amma sawunsu kaɗan ne a rana.

6. Yi lissafin kuɗin yini

Shiga bakin teku a Girka galibi kyauta ne, na jama'a ne. Abin da ake biya shi ne lema da gadajen kwanciya biyu, yawanci tsakanin Yuro 10 zuwa 20 a wuraren da ba na ƙawa ba, layin gaba ya fi tsada. Wasu gidajen abinci sukan bar maka su idan ka sayi abin sha. Dokar da aka yi a 2024 ta ce kashi 70 cikin ɗari na gaɓa ya zauna ba gadajen haya, kuma a bar mita 4 tsakaninsu da ruwa, don haka kana da ikon shimfiɗa tabarmarka a filin da ba kowa. Mai kwana bakwai ya sayi lemarsa a kanti ranar farko. Kuɗinta bai wuce hayar yini ɗaya ko biyu ba.

Ka ƙara kuɗin ajiye mota, 'yan Yuro kaɗan, da man fetur wanda litarsa ke kusa da Yuro 2. Jirgin Balos shi ne babban kashi, 'yan gomomin Yuro ga kowane babba, yara rabi ko ƙasa. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina kati ke aiki ba.

7. Lokacin fita da kayan jaka

Wuraren da suka yi suna, ka isa kafin ƙarfe tara da rabi, ko ka bari sai bayan huɗu. Tsakanin sha ɗaya da uku manyan motocin yawon buɗe ido ke sauke mutane. A Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, don haka wanda ya fita bayan la'asar bai yi asarar komai ba.

A jaka: ruwan sha lita biyu ga kowane mutum idan wurin ba shago, takalmin roba na shiga ruwa, takalmi mai kama ƙafa don gangare, hula, leda ta kwashe shara, da man kariya daga rana. Baƙar fata ma tana ƙonewa, kafaɗa da hanci za su gaya maka washegari. Silifas ba na hanyar Balos ko Preveli ba ne.

Azahar takan shiga wajen ɗaya da rabi a tsakiyar bazara, alƙibla tana kudu maso gabas. Tsoffin masallatan zamanin Turkawa da za ka gani a Haniya da Retimno yanzu wuraren nune-nune da kiɗa ne, don haka ka sa dadduma a mota. Wajen abinci, gasasshen naman da suke kira gyros da suvlaki galibi na alade ne. Kalmar alade ita ce hirino, kaza kotopulo, kifi psari. Bayan cin abinci sukan kawo ƙaramar kwalba da farin ruwa a ciki kyauta, sunansa raki, giya ce mai ƙarfi. Ka yi godiya ka ce ba ka sha, ba wanda zai ji haushi.

8. Minti biyar na farko a bakin ruwa

Kada ka ajiye jaka ka faɗa ruwa. Ka dubi tuta: koriya lafiya, rawaya a yi hattara, ja kada a shiga. Tuta mai launin shuɗi kuwa alamar tsabta ce da kyawun kulawa, ba ta nufin ruwan ranar lafiya yake. Masu ceto suna aiki ne daga Yuni zuwa Satumba, daga hantsi zuwa yamma, kuma ba kowace gaɓa ke da su ba. Ka kalli inda 'yan gari ke shiga da yaransu, ka shiga nan.

Idan ka ji ruwa na jan ka ciki, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye zuwa tudu, gajiya ce ke kashe mutum. Ka kwanta a bayanka, ka ɗaga hannu, ka yi iyo gefe, a jere da gaɓa, har ka fita daga jan.

A kan duwatsu akwai bushiyar teku, baƙa mai ƙaya, takalmin roba ne maganinta. A cikin rairayi kuma wani ƙaramin kifi da suke kira drakena yakan ɓuya. Idan ya soki ƙafa, a tsoma ta cikin ruwan zafi iya yadda za a iya jurewa, a nemi kantin magani. A gaɓar Retimno, Haniya da Komos za ka ga ƙananan kejin ƙarfe a kan rairayi: ƙwan kunkurun teku ne a ƙasa, kada a kafa lema kusa da su.

Lambar gaggawa 112 ce, ta masu gadin teku 108, ta motar asibiti 166. Ka sa su a waya tun kana masauki, ka kuma sauke taswirar yankin, domin a Balos da lungunan kudu sabis yakan ɗauke.